Keken tsauni na farko: a duba firam kafin a duba fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan keken hawan tsauni, musamman na farko da mutum zai saya da ɗan abin da ya daɗe yana tarawa. Abin da ya tayar da ni, makon jiya ɗan ƙanwata ya zo mini da hoto a waya, bakinsa har kunne, ya ce, "Kawu, duba wannan. Shokazoba gaba da baya, giya 21, ga fenti kamar ka lasa, kuma kuɗinsa bai kai rabin na wancan da ka nuna mini ba." Na karɓi wayar na duba, sai gabana ya faɗi, domin irinsa sak na saya shekara 9 da suka wuce. Na san ba shi kaɗai ne matashin da irin wannan hoto yake ɗaukar wa hankali ba, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Nawa na farko, da na ɗora shi a sikeli, kilo 19 ya yi. Abin da ke bayansa da ake kira shokazoba, sifirin ne kawai a cikin gwangwani, babu mai a ciki da zai tare shi ya dawo a hankali. Duk takun feda ɗaya sai keken ya lotsa ya taso, ƙarfin da ya kamata ya tafi taya sai sifirin ya shanye rabi. A kan hawa kuwa sai ka ji kamar ana jan ka ta baya. Wata na uku mahaɗar bayan ta fara lilo, in ka riƙe tayar baya ka jijjiga sai ka ji tana ƙwas-ƙwas hagu da dama. Duk wannan na haƙura da shi. Abin da ban manta ba shi ne wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ina saukowa wani gangare mai tsakuwa da saiwoyi. Na matse birki, hannun birkin na roba ne, ya lanƙwashe har ya taɓa kan keken, taya kuwa ba ta ko rage gudu ba. Na sa ƙafa, ƙafar ta zame, na tafi da kafaɗa a kan dutse. Sati 6 ban iya ɗaga hannun dama sama da kaina ba.

Da na warke na kai shi wurin mai gyara. Dattijo ne mai haƙuri, bai ce mini komai ba sai da ya kwance tayar baya, ya zaro aksil ɗin, ya goge shi da tsumma, ya gangara shi a kan teburinsa. Maimakon ya mirgina sumul, sai ya riƙa ɗingishi. Ya ce, "Ka gani? Ya lanƙwashe. In na sa maka sabo ma, haka zai sake yi." Ya nuna mini dalili. Haƙoran giyar baya irin na firiwil ne, wanda ake murɗawa a jikin hob, wato cibiyar taya, kamar murfin kwalba, don haka boris ɗin ɓangaren sarƙa yana can ciki, nesa da inda aksil ya zauna a firam. Wannan ratar da ba ta da madogara ita take lanƙwashewa in keke yana dukan duwatsu. Irin da ake kira kaset kuwa, wanda ake zurawa a kan hob a ɗaure da zobe, boris ɗinsa yana kusa da bakin aksil, shi ya sa yake jurewa. Ranar na fara gane cewa abin da ke raba keken ƙwarai da na banza yana ɓoye a inda ido ba ya kaiwa a hoto.

Maganar da nake so masu karatu su riƙe ita ce, in kuɗinka kaɗan ne, ka nemi keke mai shokazoba a gaba kawai, bayansa sandararre. Lissafin a fili yake. Shokazobar baya ta gaskiya tana buƙatar mahaɗai masu boris, da tukunya mai ɗauke da mai, da firam da aka ƙera don ita. Wannan duk kuɗi ne. In ka ga an haɗa maka gaba da baya a farashin da bai kai na mai gaba kawai ba, to a wani wuri aka rage, kuma inda ake ragewa shi ne birki da hob da rim, wato daidai abubuwan da lafiyarka ta rataya a kansu. Araha ba ta ado.

Wanda yake ganin kamar sandararren baya ƙasƙanci ne, ya tuna yadda wasan ya faro. A gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970, matasa irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly tsofaffin kekunan Schwinn masu faffaɗar taya na shekarun 1930 da 1940 suke tattarowa su gyara, su gangaro da su daga kan tsauni. Tseren da suka fara a watan Oktoba na 1976 kusa da garin Fairfax, gangare ne na kusan mita 400 a cikin tafiyar kilomita 3 da 'yan kai. Birkin kekunan na cikin hob ne, irin wanda ake taka feda baya, kuma kafin a kai ƙasa giris ɗin ciki ya ƙone ya zama hayaƙi, sai an sake cusa wani. Daga wannan sake cusa giris ɗin tseren ya samo sunansa na Repack. A 1977 Breeze ya ƙera firam na farko da aka yi musamman don wannan hawa, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda yana cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. Babu ɗayansu da ke da shokazoba ko a gaba. Har lokacin da wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, inda Bart Brentjens na Holan da Paola Pezzo ta Italiya suka ci zinare, taya mai inci 26 da birkin da ke kama rim ake yayi. Keken ɗan koyo na ƙwarai a yau ya fi nasu birki nesa ba kusa ba.

Kuma sandararren baya malami ne. Yana gaya maka duk dutsen da ka taka, yana tilasta maka ka miƙe a kan feda, ka sassauta gwiwa, ka zaɓi inda za ka bi. Wanda ya koya a kansa, duk keken da ya hau daga baya ba zai ba shi wuya ba.

Abu na farko da za a duba, tun kafin a yi maganar giya, shi ne ko keken ya yi daidai da jikin mai shi. Wannan ne kaɗai abin da ba a gyara shi da sayen kaya. Firam ɗin da ya yi maka girma, ko ka sa masa kayan zinare ba zai daina miƙar da kai kamar mai rarrafe ba, wanda ya yi maka ƙanƙanta kuma zai riƙa neman jefa ka ta gaba a kan gangare. Kowane kamfani yana da jadawalin tsawo, a duba shi, amma kada a tsaya nan. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, ka ga akwai sarari tsakaninka da sandar sama. Ka hau ka zagaya, ka miƙe tsaye a kan feda, ka ji ko hannuwanka sun sake. Batun girman taya kuwa ba na son a ɓata masa lokaci da yawa. Inci 29 ta fi haye ramuka da duwatsu cikin sauƙi, inci 27.5 ta fi saurin juyawa kuma ta fi dacewa da gajeren mutum. Inci 26 ba ta da laifi a hawa, sai dai sababbin tayoyi da fok (ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba, inda shokazobar gaba take) masu kyau na wannan girma suna ta ƙaranci, don haka mai shirin inganta kekensa nan gaba ya yi tunani.

To ga inda na fi so a tsaya a natsu, domin nan ne ake yanke wa keke hukuncin ko zai girma tare da mai shi ko kuwa iyakarsa ke nan. Firam yana da 'yan ma'aunai da su ne ƙofar duk wani gyara na gaba, kuma mai sayarwa ba safai yake ambatonsu ba sai ka tambaya.

Wuyan firam, inda fok yake shiga. A kekuna masu araha sosai bututu ne miƙaƙƙe, inci 1 da 1/8 sama da ƙasa. Fok masu kyau na yanzu kusan duk masu faɗin gindi ne, inci 1 da 1/8 a sama, inci 1.5 a ƙasa. In wuyan firam ɗinka siriri ne miƙaƙƙe, ranar da ka tara kuɗin fok mai iska za ka tarar zaɓinka 'yan ƙalilan ne. Ana gane shi da ido: wuyan da ake so ya fi kauri a ƙasa, kamar an kife mazurari. Wannan abu ɗaya ya isa ya sa in bar keke in ɗauki na kusa da shi, ko da na kusan giyarsa ba ta kai ba.

Sai aksil. Tsohon tsari shi ne siririn tsinke mai ɗan hannu da ake dannawa, faɗin baya milimita 135. Sabon tsari, da ake kira Boost, aksil ne mai kauri da ke shiga cikin firam a murɗe shi, milimita 148 a baya, 110 a gaba. Ba zan ce dole sai an sami sabon ba, domin a farashin ɗan koyo da wuya, kuma mai 135 yana aiki lafiya shekara da shekaru. Amma in kekuna biyu suka yi kunnen doki a komai, ɗaya yana da Boost, ɗauki shi, saboda yawancin wili masu kyau da ake ƙerawa yanzu nasa ne.

Sai ramin sandar sirdi. In faɗinsa milimita 30.9 ne ko 31.6, to ƙofa a buɗe take ga sandar nan mai sauka da nauyinka in ka danna maɓalli a kan keke. In 27.2 ne, akwai su amma kaɗan, kuma ba sa sauka da nisa. A duba kuma ko akwai ɗan rami a ƙasan firam da wayar sandar za ta bi. Sannan a leƙa inda macanjin giyar baya yake rataye. Ya kamata a ga ɗan ƙarfe daban da aka ɗaura da noti, wanda aikinsa shi ne ya lanƙwashe ko ya karye in an faɗi, don firam ya tsira. Ranar da za ka sayi keken ka sayi na ajiya guda ɗaya, domin kusan kowane firam da siffar nasa, kuma ba ya karyewa sai ranar da kake nesa da gida.

Birki kuwa, bayan abin da ya same ni, ba na sassauci a kansa. A nemi na faifai mai aiki da mai. Yatsa ɗaya ya isa ya tsayar da kai, ruwa da laka ba sa hana shi kamawa, kuma yana daidaita kansa yayin da takalmin birkin yake cinyewa. Na faifai mai waya ma ya fi na rim a cikin laka, amma yana son a riƙa ɗaure shi a kai a kai. Abu ɗaya da za a kiyaye: birkin Shimano man ma'adini yake sha, wasu kamfanoni kuma suna amfani da man DOT irin na mota. Ba a haɗa su, in aka zuba wanda ba nasa ba robobin ciki za su lalace. Abin da yake sha yana rubuce a murfin.

Giya 21 da ta burge ɗan ƙanwata, faranti 3 ne a gaba da haƙora 7 a baya. Da yawa daga cikinsu maimaici ne, wasu kuma ba sa amfanuwa saboda sarƙa tana karkacewa. Tun da kamfanin SRAM ya fito da tsarin faranti ɗaya a gaba da 11 a baya a 2012, sannan mai 12 a 2016, kekunan tsauni suka koma wannan hanya, yanzu har ta gangaro kan masu sauƙin kuɗi. Faranti ɗaya da 9 ko 10 a baya, in babban cikinsu yana da haƙora 42 ko 46, ya ishi ɗan koyo hawa kusan kowane tudu, ga hannu ɗaya kawai zai riƙa tunani a kai. A jerin kayan giyar Shimano, Tourney ne a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore, daga nan SLX da XT da XTR. Daga Deore ne macanjin baya yake zuwa da ɗan kulocin da ke riƙe sarƙa kada ta riƙa dukan firam tana faɗuwa. Sai dai a yi hattara da wata dabara: a manna macanjin baya mai suna, tunda shi ido yake fara gani, sauran kayan kuwa duk marasa suna. Ni dai gara a ba ni Altus da hob mai kaset da birkin mai, da a ba ni Deore a kan firiwil.

Yanzu batun ingantawa. Shawarata ita ce, in ka kawo keken gida, kada ka canza masa komai na tsawon wata 3, in ban da daidaita sirdi da hannun birki. Kuɗin da ka rage, hular kwano ce farko, kuma wannan ba ingantawa ba ce, wani ɓangare ne na farashin keken. Sai famfo mai agogo, da kayan faci, da 'yan makullai na aljihu, da man sarƙa. Ni da na sayi na biyu, ɗan littafi na ajiye, duk dawowa in rubuta abin da ya dame ni. Bayan wata 3 na duba, sai na ga ko sau ɗaya ban rubuta giya ba, alhali ita na yi niyyar fara canzawa. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne ƙafa tana zamewa daga feda, da tayar gaba tana sulɓewa a kwana.

Feda na fara saya, faffaɗa mai 'yan ƙusoshi da ke kama tafin takalmi. Ita ce mafi araha a duk abin da na taɓa sa wa keken, kuma ranar farko na ji bambanci. Tayar kuwa, kafin in sayi sabuwa, wani abokin hawa ya matsa ta da babban yatsa ya girgiza kai. Ina hura ta har psi 45 a agogon famfo, tana tauri kamar dutse, shi ya sa take tsalle a kan tsakuwa maimakon ta kama ƙasa. Muka sauke ta zuwa 30, keken ya zama kamar wani daban, ban kashe ko sisi ba. Daga baya na sa mai faɗin inci 2.35 mai manyan haƙora a gaba, na bar ta asali a baya har ta cinye. Da na koma tubles, wato babu tiyub sai ruwan da ke toshe huda da kansa, na ƙara saukewa kaɗan, ƙaya kuma ta daina tsayar da ni a hanya. Amma a tabbatar rim da tayar duka an yi su don tubles kafin a gwada.

Bayan taya, na canza faifan birkin gaba daga milimita 160 zuwa 180. Faifai ne da ɗan ƙarfen da ke ɗaga mazaunin birkin, shi ke nan, kuma tunda birkin gaba ne yake ɗaukar mafi yawan aikin tsayarwa, a dogon gangare hannu ya daina gajiya. Sai sandar sirdi mai sauka. Na daɗe ina ganin ta kamar kayan ƙawa, har sai da na gwada. Sirdi in ya sauka daga tsakanin cinyoyinka, sai ka samu damar runtsawa ka ja jiki baya, gangaren da da kake sauka ka tura keke sai ka gan ka a ƙasansa kana kan feda. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin masu tsada, ita zan zaɓa.

Fok ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi nauyi a aljihu. Na asali a irin waɗannan kekuna sifirin ne da aka yi don matsakaicin mutum, mara nauyi ba ya iya lotsa shi, mai jiki kuma yana kai shi ƙarshe. Mai iska ana hura shi daidai nauyinka, yadda in ka hau ka tsaya zai nutse kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na tsawon tafiyarsa, wato kusan milimita 20 a fok mai 120. Kada a yi zari a sa wanda ya fi na asali tsawo da yawa. In firam na milimita 100 ne, 120 ita ce iyaka, fiye da haka yana ɗaga gaba, ya ɓata tuƙi, ya ɗora wa wuyan firam nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Nan ne kuma na sa wa kaina ƙa'ida: in kuɗin abin da nake shirin sawa, a haɗe, zai wuce rabin abin da na sayi keken, sai in tsaya in tambayi kaina ko firam ɗin ya cancanta. In bai da wuyan nan mai faɗin gindi, gara in ci gaba da tari in sayi wani keken.

Giya kuwa ban taɓa ta ba sai da ta cinye da kanta. Abin da na saya mata shi ne ɗan ma'aunin sarƙa. Sarƙa tana miƙewa da amfani, in miƙewar ta kai kashi 0.75 cikin 100 a mai giya 9, ko 0.5 a mai 11 da 12, a canza ta, in ba haka ba za ta cinye haƙoran baya da farantin gaba, a sayi uku maimakon ɗaya.

Wanda zai sayi na hannu, sau da yawa zai sami keken da ya fi sabo a kuɗi ɗaya, amma ya je da rana, ya je da tsumma. Ya goge wuraren walda, musamman ƙarƙashin wuya da kewayen feda, ya nemi tsaga ko da siririya ce kamar gashi, domin alminiyum in ya fara tsagewa ba ya tsayawa. Ya shafa sandunan fok masu sheƙi da farce, in akwai ƙarzuwa za su riƙa yoyon mai. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya ya ji ko wuya yana motsi, ya juya tayoyi ya ga ko suna rawa. Ya kuma nemi rasit ko wata shaidar mallaka, ya duba lambar da ke ƙarƙashin firam ba a kankare ta ba, kada ya sayi hawayen wani.

Ɗan ƙanwata bai ji daɗin maganata ba da farko, na ga fuskarsa. Na fito da nawa na ba shi, muka je wani ɗan gangare, na ce ya sauka sau biyu, ya matse birki da yatsa ɗaya. Da ya dawo karo na biyu yana haki, bai ce komai a kan mai fentin ba, sai ya durƙusa yana leƙen wuyan firam ɗin, ya ce, "Kawu, wannan ne mai faɗin ƙasan?" Na ce shi ne. Ya yarda ya ƙara wata 2 yana tari. Mun ware kekuna biyu masu sandararren baya, ɗaya sabo ɗaya na hannu, ranar Asabar za mu je mu gan su, na riga na sa tef ɗin awo da ma'aunin sarƙa a jaka.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Wassalam,
Naku, wani mai karatu kuma mahayin keke.